Hannun Da Ya Murɗa Bovolo

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allah da ta rantse in ban fito da Nereo yau ba ta daina karatu. Ki zauna, ga shi nan tafe. Masu tsine wa tsoho Tullio tun shafi na goma kuma, ku ɗan rage wa bakinku aiki tukuna.

*

Ƙarfe goma saura Ondina ta hau bene rungume da kwali, ko ƙwanƙwasa ƙofa ba ta yi ba.

Mahaifinta, Maestro Tullio Zamberlan, yana bakin tagar da yake wuni tun da ƙafa ta ƙi shi, yana tsoma biskit a kofi yana leƙen jiragen ruwan da ke wucewa. Shekararsa tamanin da huɗu, amma har gobe in ya yi gyaran murya a sama, masu hura gilashi a ƙasa sai sun gyara tsayuwa.

Ta ture kofin gefe, ta fito da abu biyu ta jera masa.

Na farko kan fitilar da ake kira Bovolo ne, ɗaya cikin sha biyun da suka rage, fari tas da jan zare nannaɗe a jikinsa irin na bayan katantanwa. Tsagewa ta ratsa shi tun daga baki har gindi. Na biyu sabo ne fil. Gildo, wanda yanzu ke kan bencin maestro, wato babban gwanin gidan, shi ya yi kwana uku yana fama da shi don a maye gurbin wanda ya tsage.

Sauran sha ɗayan tuni suna Milano, a gidan tarihin da za a buɗe baje kolin tsofaffin fitilu yau da yamma. Matar da ke shirya bikin tana jiran Ondina kafin sha biyun rana ta faɗa mata sunan da za a buga a katin da za a liƙa. Duk tsibirin Murano ya san sunan: Tullio Zamberlan, 1967. Da wannan fitilar gidansu ya yi suna, da ita aka aurar, da ita aka binne. Jiya-jiyan nan Ondina za ta iya rantsewa a kai.

"Baba, dubi zaren."

"Na ga kin fasa min fitila."

"Zaren na ce ka duba. Na Gildo dama ya murɗa. Na tsohuwar hagu."

Tsohon bai ko sauke ido kan teburin ba. Ya ce Gildo ai hannunsa na gasa kifi ne, tun ranar da aka ɗora shi a benci ya faɗa, ba wanda ya saurare shi.

Ondina ta bar shi ya gama. Sannan ta faɗa masa abin da Gildo ya nuna mata jiya, yana share gumi yana kauce wa idonta. Mai hannun dama in ya zauna a benci, hagu ke mirgina bututun hurawa, dama ke riƙe awartaki, zaren kuma dama yake bi ko an ƙi ko an so. Gildo ya gwada juyawa sau tara. Zaren yakan tafi hagun, amma a sandare, duk wanda ya san gilashi zai gane dole aka yi masa. Na tsohuwar fitilar kuwa tafiya yake a sake, hannun da ya yi shi hanyarsa ke nan tun haihuwa.

"Da dama kake cin abinci, Baba. Da dama ka mare ni ranar da na taɓa littafin haɗin kala."

"To?"

"Bahago ɗaya aka taɓa yi a gidan nan."

"Kar ki kawo min sunan ɓarawo ina karyawa."

"Yana ƙasa. Ni na ɗauko shi."

Biskit ɗin da ke hannunsa ya jiƙe ya faɗa cikin kofin. Ondina ta ɗauka zai yi tsawar da aka san shi da ita, har ta shirya mata. Sai kawai ya miƙa hannu ya ce ta ba shi sandarsa. Wannan shirun ya fi tsawar ba ta tsoro.

*

Shekara biyu rabon tsohon da sauka ƙasa. Tana riƙe da shi suka bi matakalar ɗaya bayan ɗaya, zafin tanderu yana tarbarsu tun daga tsakiya. Gildo na hango su ya ajiye bututu, ya ce wa mutanensa kowa ya je ya sha kofi, kuma kar wanda ya yi sauri. Shi ma ya bi bayansu.

Nereo Bullo yana tsaye a bakin ƙofar da ke fuskantar ruwa, hularsa a hannu. Bai shigo ba.

Shekara arba'in da huɗu ke nan da aka kore shi daga nan, aka ce ya kwafi littafin haɗin kalar gidan zai sayar. A tsibirin nan kuwa gara a ce ka yi kisa. Ba tanderun da ya sake buɗe masa ƙofa. Mutumin da aka ce zai gaji benci ya ƙare yana dakon akwatunan gilashin wasu a kwalekwale, har bayansa ya ranƙwafa. Gidansa yana tsallaken ruwa, daga tagar Tullio ana hango shanyarsa.

"Maestro," in ji Nereo, ya ɗan sunkuyar da kai.

"Ka tsufa."

"Kai ma ba a bar ka a baya ba."

Tullio ya lallaba har bencin, ya zauna tsakanin hannayensa biyu na ƙarfe, ya ɗora sandar a cinya. Ondina ta lura da yadda idon Nereo ya bi bencin, sannan ya yi maza ya ɗauke.

Ta ce, "Kawu Nereo, shigo. Gidan nan a hannuna yake yanzu, ni na ce ka shigo."

Ya dubi Tullio tukuna. Sai da tsohon ya ɗaga haɓa sannan ya tako. Abin ya ƙona wa Ondina rai ƙwarai.

Ta ajiye fitilar da ta tsage a kan teburin ƙarfe tsakaninsu, ta tambaya ba kwana-kwana, wa ya hura ta.

Tullio ya kauda kai wajen wuta. Tanderu kaɗai ke ruri.

"Baba, ƙarfe goma ta wuce. Sha biyu zan kira Milano."

"Ki kira. Ki ce Zamberlan."

"Hannunka ne ya yi ta?"

"Bencina ne ya yi ta."

Daga nan ya shiga karanto mata abin da ta sani tun tana yarinya. Duk abin da ya fito daga benci na mai benci ne. Mai ɗebo gilashi daga tukunya ba shi da suna, mai riƙe bututu ba shi da suna, haka ya tarar, haka kakansa ya tarar. Shi kansa shekara goma sha ɗaya ya yi yana hura wa wani, ba a taɓa rubuta ko harafin farko na sunansa ba, bai kuma kai ƙara wurin kowa ba.

Ondina ta ce ta ji, amma mai riƙe bututu daban, wanda ya zauna a benci daban. Ta juya ga Nereo.

"Ka zauna a bencin nan ko ba ka zauna ba?"

Nereo ya murza hularsa. Ya ce shekarar babbar ambaliya Maestro ya zame a matakala ya karya wuyan hannu, wata biyar ba ya iya riƙe awartaki, ga aiki ya taru. Sai aka juya wa Nereo bencin ta ɓangaren hagu, aka rufe ƙofa. Fitila talatin ya hura. Maestro yana tsaye a kansa yana faɗin a ƙara wuta, a rage.

"Talatin," in ji Ondina, ta juya ga mahaifinta. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da hannunka ya warke sai ka ga bahagon nan zai iya buɗe baki wata rana, ka ɗora masa sata."

Tullio bai musa ba.

Nan idonta ya kawo ruwa, don har cikin ranta ta so ya musa. Ta so ya daka mata tsawa, ya kawo wata hujja ko ta ƙarya ce. Mutumin nan shi ya ɗora hannunta a kan bututu tana da shekara tara, lokacin da duk tsibirin ke cewa mace ba ta tsayawa gaban wuta.

"Kawu Nereo, ka kwafi littafin?"

"Ban iya karatu ba a lokacin, 'yata."

Ta ciro wayarta daga aljihu.

"Shi ke nan. Nereo Bullo, 1967. Haka za a buga."

"Kar ki buga."

Ba mahaifinta ne ya faɗa ba, Nereo ne. Ya matso har ya kama gefen teburin.

"Don Allah kar ki sa sunana a jikin fitilar nan."

Ondina ta tsaya da wayar a hannu. Ta ce in tsoron Baba yake ji, ya daina, ba abin da ya rage da za a iya ƙwace masa. Nereo ya girgiza kai kawai, ya kasa haɗa ido da ita.

Tullio ya jawo fitilar gabansa. Sai yanzu ya dube ta da kyau. Ya bi tsagewar da babban yatsa, a hankali, ya ga yadda ta bi jan zaren sak ba ta kauce ba. Da ya ɗago, fuskarsa ta canja.

"Kin ce wurin naɗewa ta faɗi."

"Haka na ce."

"Wadda ta faɗi ba haka take tsagewa ba. Kunna ta kika yi."

Gaskiya ne. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata kafin ya yarda a fitar da fitilun daga ɗakin ajiya: kar a kunna ko ɗaya. Ta ɗauka rigimar tsufa ce, ko tsoron tsohuwar wayar wuta. Ranar da za a naɗe su ta sa wa ɗaya ƙwai don ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun tasowarta. Kusan awa guda tana ci, jan zaren ya cika ɗakin da haske. Ta fita amsa waya, tana dawowa ta tarar da ita a tsage.

"Kina kusa da ita lokacin da ta tsage?"

"A'a."

Tsohon ya rufe ido ya yi alamar gicciye. Nereo kuwa ya zauna a kan akwatin yashi.

"Faɗa mata," in ji Tullio. "Tunda ta tono, ta kwashe duka."

"Maestro..."

"Shekara arba'in da huɗu ina riƙe maka. Na gaji. Faɗa mata ina ka samo jan."

Nereo ya soma, ƙasa yake kallo har ya gama.

Ya ce ba shi ya zana fitilar ba, ba kuma Maestro ba. Elvia ce, mahaifiyar Ondina, wadda a lokacin take ɗakin naɗe kaya da ciyawa. Ita ta tsuguna ta zana ta da alli a daɓen nan, daidai inda Ondina take tsaye. Ta ce ja take so irin na cikin rumman. Jan gidan Zamberlan kuwa yana da ɗan duhu, an gwada sau uku tana cewa bai yi ba. Shi kuma yana da shekara talatin, an ba shi benci karon farko, yana so ya burge. Sai ya je wurin wani abokinsa a wani tanderun, ya karɓo sandunan ja na tukunyarsu, ya shigo da su cikin riga. Bai gaya wa kowa ba.

Ondina ta gane nan take. Ba sai an yi mata bayani ba. Abu na farko da ake koya wa duk wanda ya taka gidan gilashi ke nan, cewa gilashin gida biyu ba ya aure. Kowace tukunya da yadda nata yake buɗewa in ya ji zafi, da yadda yake tsukewa in ya huce. Za su manne lafiya, su yi kyau, su yi shekaru ma. Ranar da zafi ya ratsa su sosai, ɗaya ya ja, ɗaya ya ƙi.

"Na sani," in ji Nereo. "Na san dokar. Na ce a raina zare ne siriri, ba zai yi komai ba."

"Taki tsagewa ta yi, kin yi sa'a," in ji Tullio. "Wata ba ta tsagewa. Tarwatsewa take yi."

Ya juya sandarsa, sannan ya tambaye ta me aka ce mata ya makantar da mahaifiyarta.

Ondina ba ta taɓa sanin mahaifiyarta da ido ba. Ta taso ta gan ta da baƙin tabarau da 'yan tabo a goshi, tana lalube bango, har ta rasu shekara shida da suka wuce. An ce mata zazzaɓi ne mai zafi bayan haihuwa, tabon kuma na faɗuwa ne.

"Zazzaɓi," ta ce.

"Ta farkon da aka hura, ita na rataya mata a saman teburin kicin. Tata ce, ita ta zana. Shekara biyu tana ci lafiya. Ran nan ana sanyi, tun rana take kunne. Uwarki ta ɗaga kai tana nuna miki hasken, kina kan cinyarta, watanki bakwai. Ta rufe ki da jikinta. Fuskarta ce ba ta samu abin rufewa ba."

Nereo ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza.

Tullio ya ci gaba, muryarsa a bushe. Ya ce da ya tsinci gutsattsarin ya ga jan, nan take ya gane ba na tukunyarsa ba ne. Ya ɗauki awartaki ya nufi gidan Nereo, Elvia ce daga gadon asibiti ta aiko a ce masa in ya taɓa shi ba za ta dawo gidan ba. In ya faɗi gaskiya, Nereo zai tafi kurkuku, gidan Zamberlan kuma ya rufe, don ba mai sake rataya fitilarsu a saman 'ya'yansa, ma'aikata arba'in su koma gida. In ya yi shiru, kullum sai ya ga fuskar mutumin a gaban wutarsa. Sai ya ce sata.

"Kar ki ɗauka don shi na yi. Rabi don shi, rabi don kaina. Ban taɓa auna wanne ya fi nauyi ba."

Sauran fitilun kuwa bin su ya yi gida-gida, otal-otal, shekara shida, yana karɓowa da sunan zai gyara. Goma sha bakwai ya farfasa da hannunsa ya zuba a ruwa. Da ya zo kan sha biyun ƙarshe Elvia ta hana. Takan sa a kai ta ɗakin ajiya, ta zauna tana bin zaren da yatsa.

"Sunan da kike cewa na sace, ga abin da ke cikinsa. Kullum aka yabe ni a kan fitilar nan sai na ga fuskar uwarki. Kina so ki ba shi? Ba shi. Amma ki ba shi duka."

Nereo ya ɗago, fuskarsa sharkaf.

"Na ce kar ki sa, amma ƙarya nake, tsoro ne. Ki sa, 'yata. Nawa ne. Kyan nawa ne, abin da ta yi ma nawa ne."

"Rufe mana baki," in ji Tullio. "In aka sa naka sai an tambayi dalilin canji. In aka tambaya, gidan nan ya mutu. Mutum goma sha tara ke ci a nan yau."

Ondina ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ɗazu da ta hau bene ta san mai laifi, ta san wanda aka zalunta, har tana jin daɗin fushinta. Yanzu ta rasa wanda za ta tsana, kuma ta ji haushin su biyun da suka bar ta ta girma a cikin ƙarya, har da uwar da ta rufe ta da jikinta.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Matar Milano ce, tun sha ɗaya ba ta cika ba.

Ta ɗauka, ta sa a kunne, amma shirun wurin ya sa duk suna ji.

Matar tana ta fara'a. Ta ce ta san lokaci bai yi ba, mai buga kati ne ya matsa. Sannan ta ce tana da albishir. Ta tuna an ce kar a kunna, amma mai gyaran wutarsu ya canja wayoyin gaba ɗaya, ba sauran abin tsoro. Har sun samo ƙwai irin na da, masu zafin nan, don jan ya fito yadda aka yi shi ya fito. Duka sha ɗayan suna rataye, suna ci tun ƙarfe takwas. Har an bar ɗalibai da 'yan jarida sun shiga tun kafin buɗewar yamma.

"Ki ga yadda ɗalibai suka cika ƙarƙashinsu suna zanawa, kowa kansa a sama."

Sandar Tullio ta faɗi a daɓe.

"Ku kashe su," in ji Ondina. "Yanzu. Ku fitar da kowa daga ɗakin."

Matar ta yi 'yar dariya, ta ce ai 'yan jarida sun riga sun iso, shugaban gidan tarihin ma yana ciki, ba za ta iya kashe fitilun da aka zo gani ta kori baƙi haka kawai ba.

"Sai kin ba ni dalilin da zan faɗa musu. Me ke damun fitilun Maestro Zamberlan?"

Tsofaffin biyu suka zuba wa Ondina ido.

"Kina jina? Me zan ce musu?"